Gudun Asuba a Hanyar Makarfi: Ciwon da Samarinmu Ke Ɓoyewa

Duk wanda sammako ya taɓa kamawa a hanyar da ta tashi daga Tashar Yari ta nufi Makarfi, ko wadda ta zarce Ikara, ya san su. Ana sallame sallar asuba suke fitowa, uku-uku, biyar-biyar. Wani da kambas na gwanjo, wani da takalmin ƙwallo, wani ma silifas ne ya ɗaure da igiya don kada ya zame. Kafin motocin rake su fara tayar da ƙura sun yi nisa. Haka abin yake a Hunkuyi da Likoro, haka a Paki da Gubuchi.

Ba gasa suke wa shiri ba. Mafi yawansu fom suka cike, na soja ko na 'yan sanda ko na kwastan, suna jiran a kira su tantancewa, kuma sun san gudu na cikin abin da za a gwada su da shi. Zariya ga ta nan kusa, inda makarantar horar da kuratan soja da aka fi sani da Depot take tun 1924. Kusan kowane gari a ƙasar nan akwai wanda ya shiga can ya fito da kaki, yana turo wa gida abin cefane. Yaron da ya gama sakandare yana zaune, noman rani bai ishe shi ba, kamfanin tumatir na Ikara bai zama abin dogaro ba, ƙafarsa ce jarinsa. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne yadda nake ganin ana karya wannan jari tun kafin a kai shi kasuwa.

A gidanmu abin ya faru. Ɗan yayata, yaro mai ƙarfi wanda yake iya wuni yana saran rake, ya ga sanarwar tantancewa saura mako huɗu. Bai taɓa gudun da ya wuce na filin ƙwallo ba. Ya tashi rana ɗaya ya fara cin kilomita goma kullum a kan kwalta, ba fashi ko ranar Juma'a. A mako na biyu ƙwaurinsa na dama ya fara ciwo. Abokansa suka ce gajiya ce, jiki ne bai saba ba, a ci gaba za ta ware. Ya je kemis aka haɗa masa ƙwayoyi a leda, yana sha kafin ya fita. A mako na uku na gan shi yana ɗingishi a hanyar masallaci, na tambaye shi, ya ce, “Kawu, jijiya ce ta hau.” Aka kai shi wajen mai ɗori, aka ja ƙafar, aka murza da man zafi har sai da ya yi ƙara. Da ciwon ya hana shi barci muka je asibiti aka ɗauki hoto. Ƙashin ƙwaurin ne ya tsage. Ranar tantancewa ta zo ta wuce yana dogara sanda.

Huhu na saurin sabawa, ƙashi ba ya sauri

Abin da ya yaudare shi yana yaudarar kowa. Idan mutum ya fara gudu, zuciya da huhu su ne farkon sabawa. Cikin mako biyu ko uku sai ya ji haki ya ragu, numfashi ya daidaita, ya ga kamar zai iya zuwa Zariya ya dawo. Amma ƙashi da agara da jijiyoyin da suka riƙe gaɓoɓi watanni suke bukata kafin su yi ƙwari. A kowane taku na gudu, nauyin da ke sauka a kan ƙafa ɗaya ya kai ninki biyu zuwa uku na nauyin mutum, kuma a kilomita ɗaya ana yin taku kusan dubu. Ƙashi abu ne mai rai: kullum yana ɗan rushewa yana sake ginuwa. Idan aka ba shi hutu tsakanin wahala da wahala, ginin yakan fi rushewar, ya ƙara ƙarfi. Idan ba a ba shi ba, ƙananan tsaga su taru su zama ɗaya. Kamar bangon ƙasa ne da aka ɗora wa sabon sahu alhali na ƙasa bai bushe ba.

Wannan ciwo tsohon abokin soja ne. Wani likitan sojan Jamus mai suna Breithaupt ne ya fara bayyana shi a 1855, da ya ga ƙafafun kurata suna kumbura bayan doguwar tafiya, shi ya sa har yau likitoci ke kiransa karayar maci. Ƙarfin noma ba ya kare mutum daga gare shi, domin aikin gartsi da fartanya daban, dukan kwalta daban.

Akwai hanya mai sauƙi ta rarrabewa, kuma da kowane mai gudu ya san ta da an tsira da ƙafafu da yawa. Ciwon ƙwauri iri biyu ne. Na farko ya bazu a tsawon gefen ƙashin ta ciki. Idan aka ce mutum ya nuna inda ke masa ciwo, da tafin hannu zai shafa. Yakan taso a farkon gudu, ya lafa idan jiki ya ɗauki zafi, ya dawo bayan an tsaya. Wannan gargaɗi ne. Maganinsa a rage tafiyar zuwa rabi ko a dakata mako ɗaya ko biyu, a bar kwalta a koma burji, a riƙa hawa keke don kada numfashi ya koma baya. Na biyu kuwa da ɗan yatsa ɗaya ake nuna shi. Wuri ne ƙanƙani, idan aka danna sai mutum ya zabura, yana ƙaruwa ne da gudu, ba ya raguwa, daga baya har a tafiya da kwance ana jin sa. Idan mutum ya tsaya da ƙafar ita kaɗai ya yi ɗan tsalle, zafin ya soke shi daidai wurin, to ya ɗauka ƙashi ya tsage har sai likita ya ce ba haka ba ne. Gudu ya tsaya daga ranar. Yawanci mako shida zuwa takwas ake bukata, wani lokaci da sanda.

A lura da abu guda: hoton ƙashi na farko yakan fito lafiya lau a makonni biyu ko uku na farko, alhali tsagar na nan. Kada a ce tunda hoto bai nuna komai ba sai a koma hanya. Akwai kuma wuraren da tsagarsu ba ta son wasa ko kaɗan: gaban ƙwauri sosai, saman tafin ƙafa kusa da idon sawu, da can cikin matsematsi inda ƙashin cinya ya shiga ƙugu. Na ƙarshen nan idan ya ƙarasa karyewa sai an yi aiki. Mai jin zafi a matsematsi in ya taka, kada ya tsaya a kemis. Ya nufi babban asibitin Ikara ko na Makarfi ko asibitin Hunkuyi, in sun ga da hali su tura shi Shika ko asibitin ƙashi na Dala a Kano.

Ba na cikin masu zagin maɗora. Gado ne, kuma mutanenmu sun daɗe suna samun sauƙi a hannunsu tun ba a san asibiti ba. Amma tsagar gudu ba abin da ya goce balle a mayar da shi. Ja da murza ƙara buɗe ta suke yi. Ɗauri mai tsauri da karare kuma yana iya tare jini, abin da likitocin ƙashi suka daɗe suna kuka da shi saboda ƙafafun da suke yankewa bayan sun ruɓe. Duk ɗaurin da ya sa yatsu suka yi sanyi, suka canza launi, ko suka mutu ba a jin su, a kwance shi nan take, ko da tsakar dare ne.

Gwiwa, agara, dunduniya

Gwiwa ta fi kowace gaɓa yawan kai masu gudu wajen likita. Wanda ya fi yawa shi ne ciwon da ke zagaye ƙoƙon gwiwa, wanda ake ji idan an daɗe a zaune a mota, ko an tsuguna, ko ana saukowa daga matakala. Mutane kan ce ruwan gwiwa ne ya ƙare, sai a fara neman allura. Sau da yawa laifin ba na gwiwar ba ne. Tsokar ɗuwawu da ta cinya ce ba ta da ƙarfin riƙe ƙafar a miƙe, sai gwiwa ta riƙa karkata ciki a kowane taku. Masu gashin ƙashi motsa jiki suke bayarwa: kwanciya a gefe ana ɗaga ƙafa, jingina da bango ana ɗan durƙusawa, hawa da sauka a hankali a kan dakali. Abu ne na makonni, amma yana aiki. Akwai kuma wanda ke suka a gefen gwiwa ta waje bayan an ci 'yan kilomita. Titi ba shimfiɗe yake ba, gefensa a gangare yake don ruwa ya wuce. Mai bin gefe ɗaya kullum ƙafarsa ɗaya tana ƙasa da ɗaya. Sauya hanya kaɗai kan rage shi.

Agara, wato kakkaurar jijiyar da ta haɗa dambubu da dunduniya, ita ma tana da nata ƙorafin. Takan yi tauri da safe, ta ɗan kumbura, ta yi zafi idan an matsa. Abin da ya fi yi mata amfani shi ne a tsaya a bakin dakali da yatsu, a ɗaga sama, sannan a sauke dunduniya ƙasa sannu a hankali, ana maimaitawa safe da yamma. Wani likita ɗan Suwidin, Alfredson, ya nuna amfanin wannan a 1998, kuma tsarinsa na mako 12 ne. Abubuwa biyu ne ke iya tsinka agara, kuma dukansu suna nan a kemis ɗin unguwa. Na farko allurar kashe kumburi da ake sokawa cikin jijiyar. Na biyu ya fi ba ni tsoro, don ba wanda ke kawo shi a rai: ciprofloxacin, ƙwayar da ake ba kusan duk wanda aka ce yana da taifot. Tun 2008 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta sa gargaɗi mafi tsanani a kwalinsa cewa yana iya raunana agara har ta tsinke. Wanda ke shan sa, ko ya gama kwanan nan, ya sassauta gudu, in ya ji zafi a agara ya koma wajen wanda ya rubuta masa. Idan kuwa mutum na cikin gudu ya ji kamar an jefe shi da dutse a bayan ƙafa, ya waiga ba kowa, ya kasa tsayawa da yatsu, agarar ta tsinke. Asibiti a ranar.

Ciwon dunduniya kuwa ba ya ɓuya. Takun farko da asuba, lokacin da aka sauko za a yi alwala, sai a ji kamar an taka ƙusa, bayan 'yan taku ya lafa. A riƙa jan yatsun ƙafa sama da hannu kafin a sauko daga gado, a miƙar da dambubu a jikin bango, a murza tafin ƙafa a kan kwalbar ruwan sanyi, a daina yawo ba takalmi a kan siminti. Yana da naci, yakan ɗauki watanni, amma yawanci yana tafiya ba tare da allura ba.

Targaɗe kuma na hanyar gona ne, inda shanu suka bar sawu a laka ta bushe. A nan al'adarmu ta gashi da ruwan zafi da murza man zafi tun a ranar farko tana ƙara kumburi. Kwana biyun farko a huta, a ɗaga ƙafar a kan matashi, a naɗe ta da bandeji ba tsauri. A sayi ƙanƙara wajen masu zoɓo, a naɗe a tsumma, a ɗora minti 15 zuwa 20. Inda babu, tsumma da ruwan randa ma ya yi. Ƙanƙara zafi take ragewa, ba warkarwa take yi ba. Shi kansa likitan Amurka Gabe Mirkin, wanda ya yaɗa wannan tsari a 1978, ya dawo a 2014 ya ce yawan ƙanƙara da dogon kwanciya na iya jinkirta warkewa. Don haka bayan kwana biyu ko uku a fara takawa gwargwadon iko, a riƙa juya sawun, daga baya a koyi tsayuwa da ƙafa ɗaya don kada targaɗen ya zama ɗan gida. Amma wanda ya kasa yin taku huɗu, ko ƙashin idon sawun da kansa ke zafi in an danna, hoto yake bukata.

Bororo da baƙin farce na takalmi ne. Gwanjo ba laifi ba ne, amma a juya shi a duba ƙasansa. Wanda ya cinye ta gefe ɗaya ya riga ya ɗauki tafiyar mai shi na farko. A saye shi da yamma lokacin da ƙafa ta ɗan buɗe, a bar sararin babban yatsan hannu a gaba, a sa safa. Wanda ƙusa ko tsinken kara ya soka ya nemi allurar titanus.

Abin da ke cikin leda

Na fi jin haushin ledar kemis fiye da komai a labarin ɗan yayata. Ciwo ɗan aike ne. Wanda ya sha diclofenac ko ibuprofen ko Feldene kafin ya fita, ya toshe bakin ɗan aiken ne kawai, ɓarnar na ci gaba. Ƙari a kan haka, waɗannan ƙwayoyi suna rage jinin da ke zuwa ƙoda, ga gudu ya riga ya rage shi, ga gumi ya zuƙe ruwan jiki. Suna kuma cin tumbi idan aka sha su ba abinci, kamar yadda mai fita da asuba ke yi. In dole ne a sha wani abu bayan an dawo, farasitamol bisa ƙa'ida ya fi sauƙi.

Tiramol kuwa ba sai na yi dogon bayani ba. Mun san yadda ya shigo ta hanyar masu aikin ƙarfi, da sunan maganin gajiya, muka kuma san gidajen da ya rusa. Yana sa farfaɗiya, yana kama mutum ya kasa bari. Hukumar yaƙi da shan ƙwayoyi a wasanni ta duniya ta haramta shi a lokacin gasa daga farkon 2024. Yaron da ke neman kaki da tiramol a jininsa yana iya faɗuwa tun a gwajin asibiti.

Wanda ke kisa

Duk abin da na lissafa a sama yana ɓata shekara ne. Akwai wanda ke ɗaukar rai. A bazara, Maris da Afrilu, zafin ƙasar nan kan kusanci maki 40, kuma akwai samarin da suka yarda cewa gudu da tsakar rana, har da rigar sanyi ko leda a ciki don a yi gumi, shi ne horo na gaske. Idan zafin cikin jiki ya haura 40, ƙwaƙwalwa ce ke fara nunawa: mutum ya fara tangaɗi, ya yi magana ba kan gado, ya yi faɗa ba dalili, ko ya yanke jiki ya faɗi. Ba aljanu ba ne, kuma ba raki ba ne. Minti na da tsada a nan. A ja shi inuwa, a cire masa kaya, a riƙa kwarara masa ruwa a duk jiki ana fifita. In akwai kwarkwaron ban-ruwa ko kududdufi kusa, a tsoma shi ana riƙe da kansa. A fara sanyayawa tun ana neman abin hawa, a ci gaba a hanya. Kada a ɗura wa wanda bai cikin hayyacinsa ruwa a baki.

Alama ta biyu fitsari ne. Idan bayan gudu mai tsanani cinyoyi suka kumbura suka yi ciwo fiye da kima, fitsari ya koma kalar shayi ba madara, tsoka ce ke narkewa tana toshe ƙoda. Wannan na ƙarin ruwa ne a asibiti, ba na jiƙo ba.

A nan ne maganar jini ta shigo. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Nijeriya AS ne. Mun saba jin ta a gwajin aure, muna ɗauka iyakarta ke nan. Mai AS lafiyayye ne, yana iya soja, yana iya gasa. Amma wani bincike a kan kuratan sojan Amurka da aka buga a 1987 ya gano cewa mutuwar farat ɗaya a lokacin horo ta fi yawa ƙwarai a cikinsu. Wani binciken na 2016 ya nuna cewa bayan da rundunar ta tsaurara dokar shan ruwa da hutu da sabawa da zafi sannu a hankali, bambancin mutuwar ya ɓace, ko da yake narkewar tsoka ta ci gaba da fin yawa a wajensu. Ke nan kowane mai gudu ya san ko shi AS ne, mai AS kuma kada ya yarda a zuga shi ya ƙure kansa, musamman a zafi, ko da azumi a bakinsa, ko yana tashi daga zazzaɓi. Da zazzaɓi a jiki ma ba wanda ya kamata ya yi gudu. A watan azumi a mayar da shi bayan shan ruwa. Wanda ya yi gumi da yawa ya haɗa ruwan gishiri da sukari irin na yara: lita ɗaya, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin cokali na gishiri.

'Yan mata ma sun fara fitowa, don su ma ana ɗaukarsu. Wadda jininta ya yi ƙasa, ko al'adarta ta ɗauke bayan ta tsananta gudu tana rage abinci, ƙashinta ya fi saurin tsagewa. Maganar uwa da 'ya ce da ya kamata ta kai ga ma'aikaciyar lafiya.

Mu koma kan horon kansa. Ranar 21 ga Nuwamba 2020 aka yi gudun famfalaƙi na kilomita 21 a Kaduna, Legas kuwa tun 2016 take yin nata na kilomita 42 duk shekara, kuma 'yan Kenya da Habasha ne ke kwashe manyan kyaututtuka. Mukan ce halittarsu ce. Amma waɗannan mutane shekaru suke yi suna tara tafiya, mafi yawanta a hankali, kuma a kan jar ƙasa, ba kwalta ba. Mu ma mun taɓa yin Abbas Mohammed, wanda ya wakilci Nijeriya a gasar Olamfik ta 1988, ga kuma 'yan Pankshin da ke riƙe da tutar a yau. Irin hanyar da 'yan Kenya ke nema muna da ita kyauta tsakanin gonakin rake na Kudan da Makarfi. Abin da muka rasa mai nuna hanya ne. Tsofaffin sojoji na nan a kowane gari, malaman motsa jiki na nan a sakandarorinmu, ga ɗaliban kiwon lafiya a Makarfi. Da ƙananan hukumomin nan uku, Makarfi da Ikara da Kudan, za su haɗa su da samarin nan ko da sau ɗaya a mako, wata uku kafin lokacin ɗaukar aiki, kuɗin da za a kashe bai kai na kwalta mai tsawon taku ɗari ba.

Ɗan yayata ya yi wata biyu bai yi gudu ba. Da ya koma, turakun wutar lantarki ya riƙa ƙirgawa: ya yi sassarfa tsakanin uku, ya taka tsakanin biyu, kwana uku kacal a mako, yana ƙara kaɗan duk bayan mako. Abokansa na wuce shi suna masa tsiya. Ya bar kwalta ya koma hanyar da ke bi ta bayan gonar mahaifinsa. Bana ya sake cike fom tun da wuri. Shekaranjiya na gan shi ya dawo da hantsi, jar ƙasa har gwiwa, ya zauna a dakalin ƙofar gida ya cire takalmi, yana bin ƙwaurin da ɗan yatsa daga sama zuwa ƙasa yana dannawa. Na tsaya har ya kai idon sawu. Ya ɗago ya ce, “Kawu, babu.”